Shekara nawa ya kamata keke da mota su yi kafin a ce sun mutu?

Duk wanda ya tambayi makanike shekara nawa mota take yi, da wuya ya samu amsa ɗaya tak. Ba rowar ilimi ba ce. Keke da mota ba sa tsufa gaba ɗaya a lokaci guda. Akwai sassan da tun daga masana'anta an yi su ne don su cinye, irin su taya da fatar birki da sarƙa da kuloci. Aikinsu ke nan, su goge su ƙare domin abin da ya fi su tsada ya tsira. Akwai waɗanda shekaru ne ke kashe su ko da ba a mora ba, kamar roba da batir da mai. Sannan akwai ƙashin bayan abin, wato firam ɗin keke, ko bodi da shasin mota, wanda idan shi ya tafi to magana ta ƙare. Kekuna da motoci da yawa da ake kai wa bola, ƙashin bayansu lafiya lau yake. Abin da ya kashe su shi ne wani ya yi lissafi ya ga gyara ba zai biya ba, ko kuwa ya nemi kayan gyara ya rasa.

A ganina, keke mai kyau ya kamata ya yi shekara 30 zuwa sama, mota kuwa ta kai shekara 20 ko kilomita 300,000 ba tare da an ɗauki hakan abin mamaki ba. Ƙarfe ya daɗe da iya wannan. Inda matsalar take yanzu shi ne a bar mai abu ya iya gyara abinsa.

Keke, wanda kusan ba shi da dalilin mutuwa

Siffar keken da muka sani a yau, ƙafafu biyu masu girma ɗaya da sarƙa mai juya ƙafar baya, ta zauna ne tun 1885 lokacin da John Kemp Starley ya fito da kekensa mai suna Rover a Ingila. A 1888 John Boyd Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska. Daga nan zuwa yau an ƙara giya, an rage nauyi, an gyara birki, amma wanda ya san gyaran keken wancan zamani ba zai ruɗe ba idan aka ajiye masa na yau a gabansa. Babu wuta da ke ci a cikinsa, babu ruwa mai tafasa, babu hayaƙi. Ƙarfin da ke ratsa shi ƙarfin ƙafar mutum ne kawai. Shi ya sa kusan duk abin da ya lalace a jikinsa ana iya kwance shi da 'yan sifanu a sa wani.

Sarƙa ita ce ta fi saurin cinyewa, kuma ita ce ke jan sauran kaya zuwa ga halaka idan aka yi sakaci. Mutane kan ce sarƙa ta miƙe, amma ƙarfen ba miƙewa yake yi ba. Ƙura da yashi ne ke shiga cikin gaɓoɓinta su haɗu da mai su zama kamar abin wasa wuƙa, suna cin ƙananan ƙusoshin da ke riƙe gaɓoɓin. Kowace gaɓa ta ɗan yi sako-sako, idan aka haɗa su duka sai sarƙar ta ƙara tsawo. Tsakanin ƙusa da ƙusa a sabuwar sarƙa milimita 12.7 ne, wato gaɓa 20 suna ba da santimita 25.4 cif. Idan aka auna aka ga sun kai 25.5 zuwa 25.6, lokacin canji ya yi. Wannan ɗan bambancin da ido ba ya gani shi ke sa sarƙar ta daina zama daidai a kan haƙoran giya, ta riƙa hawa kansu tana cinye su har su yi tsini. Wanda ya canza sarƙa a kan lokaci, haƙoran giyarsa na baya za su iya cinye sarƙa biyu ko uku kafin su gaji. Wanda ya bari sai ta fara tsallake, dole ya canza sarƙa da haƙora gaba ɗaya, domin sabuwar sarƙa ba ta zama a kan tsofaffin haƙoran da suka lalace. A nan ne mutane da yawa suke jin kuɗin gyara ya yi musu yawa su jingine keken a bango, alhali firam ɗinsa bai san an yi komai ba.

Boris ma haka yake. Idan ana buɗe shi lokaci zuwa lokaci a wanke a sa sabon giris, yakan yi shekaru masu yawa. Ruwa ne makashinsa, musamman idan ana wanke keke da ruwa mai ƙarfin feshi da ke tura datti ciki ya kori giris waje.

Maganar firam ta fi daɗin bayani. Akwai abin da injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe. Ka ɗauki waya ka lanƙwasa ta gaba, ka mayar da ita baya, ka yi ta maimaitawa, za ta karye ko da ba ka taɓa ja da ƙarfin da zai tsinka ta a karo ɗaya ba. Wani injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, August Wöhler, shi ne ya zurfafa bincike a kan wannan a shekarun 1850 da 1860, lokacin da sandunan ƙafafun jiragen ƙasa ke karyewa ba tare da an san dalili ba. Daga irin wannan bincike aka gane cewa baƙin ƙarfe yana da wata iyaka: muddin nauyin da ake ɗora masa ana saukewa bai wuce ta ba, zai iya jurewa kusan ba adadi. Alminiyum ba shi da irin wannan iyaka. Duk ƙanƙantar girgiza tana rage masa kwana, ko da kaɗan ne. Wannan ba ya nufin keken alminiyum abin gudu ne, domin masu ƙera shi sun san halinsa, suna yin bututunsa da kauri yadda zai yi shekaru da yawa. Amma idan ya tsage, walda ba ta cika mayar da shi yadda yake ba sai an sake gasa firam ɗin a masana'anta, alhali firam ɗin baƙin ƙarfe mai walda na gari yakan iya ɗinke shi. Firam ɗin zaren kabon kuwa ba ya tsatsa kuma yana jure maimaita nauyi sosai, sai dai ba ya son duka. Faɗuwa ɗaya a kan dutse na iya raba shimfiɗun zarensa daga ciki, waje kuma fenti na ƙyalli kamar ba abin da ya faru.

Ba a rasa shaidar cewa keke na iya daɗewa ba. Manyan kekunan nan baƙaƙe masu giya ɗaya da birkin sanda, irin waɗanda Raleigh ta ƙera a Nottingham da waɗanda Flying Pigeon ta fara ƙerawa a Tianjin ta ƙasar Sin a 1950, har yau akwai waɗanda suka haura shekara 40 suna ɗaukar kaya. Suna da nauyi, ba sa son hawan tudu, amma an yi su ne don a gyara. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, wannan tunani ta bi wajen ƙera kekenta mai suna Buffalo: baƙin ƙarfe, kariya mai ɗaukar kilo 100, da sassan da makanike zai iya canzawa da kayan aiki kaɗan.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne ɗaya gefen. Akwai kekuna masu araha da ake cika manyan kantuna da su, waɗanda aka yi wa ado da giya barkatai da shokazoba na gaba da na baya don su yi kama da na tsere, amma ƙarfen birkinsu da na giyarsu laushi gare shi, yana lanƙwashewa, ba ya riƙe saiti, wasu sassan ma an manne su ne yadda ba za a kwance ba. A farkon 2022 aka yi ta labarin wata takardar koke da makanikan kekuna a Amurka suka sa wa hannu, suna neman a daina ƙera irin waɗannan, a kuma kafa ƙa'idar cewa keke ya jure hawa na akalla sa'a 500. Dubi ƙanƙantar abin da suka roƙa. Mai hawan keke sa'a ɗaya da rabi kullum zai cinye sa'a 500 kafin shekara ta zagayo. Kuma wanda wannan ya fi cuta shi ne mai ƙaramin ƙarfi, wanda ya sayi keken don zuwa wurin aiki, ba don shaƙatawa ba. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma ya kamata ko ba ado a samu abin da zai kai mutum inda za shi.

Masu tsadar ma suna da tasu damuwar. Giyar baya ta tashi daga faifan haƙora biyar zuwa 12 har 13, kuma duk lokacin da aka ƙara ɗaya sai sarƙa ta ƙara siranta, sai an nemo wadda ta dace da ita kaɗai. Ma'aunin wurin da feda ke juyawa da na sandar ƙafa sun yawaita, kowane kamfani da nasa. Firam mai lafiya na iya zama maraya don kawai an daina yin abin da ke shiga raminsa.

Mota: wuta, zafi da tsatsa

Mota wata duniya ce. Toyota ta ce idan aka ƙirga har da ƙananan kusoshi, mota ɗaya tana da sassa kusan 30,000. A cikin injinta mai ne ke fashewa sau dubbai a minti ɗaya. Bari mu yi ɗan lissafi: motar da ta yi kilomita 250,000, idan matsakaicin gudunta kilomita 50 ne a sa'a, injinta ya yi aiki sa'a 5,000 ke nan. Idan yana juyawa sau 2,000 a minti, ya juya sau miliyan 600. Abin da ke hana ƙarfe cin ƙarfe a duk wannan juyi shi ne ɗan siririn shimfiɗin baƙin mai da bai kai kaurin gashi ba. Shi ya sa juyen mai a kan lokaci ya fi duk wata dabara da za a yi wa mota, kuma shi ya sa tafasar inji sau ɗaya, saboda lagireto ya yoye ko fanka ta tsaya, kan yi ɓarnar da tafiyar shekara biyar ba ta yi ba.

Ana yawan cewa motocin zamanin da sun fi ƙarko. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan ba. Motocin Amurka na shekarun baya, na'urar ƙirga tafiyarsu gurbi biyar gare ta, idan ta kai mil 99,999 sai ta koma sifili, domin ba a cika sa ran mota za ta wuce nan da nisa ba. A 1995 matsakaicin shekarun motocin da ke kan titunan Amurka 8.4 ne, a 2024 ya kai 12.6. A Tarayyar Turai ma ya haura shekara 12. Kuma wannan matsakaici ne na waɗanda ke yawo, har da sababbi fil a cikin lissafin, wato shekarun da mota ke kaiwa kafin a yanka ta sun fi haka. Dalilan a bayyane suke: baƙin mai ya inganta, injinan sassaƙa ƙarfe sun ƙara daidaito, na'urar fesa mai ta maye gurbin kafireto ta daina wanke bangon silinda da ɗanyen fetur, sannan aka fara lulluɓe ƙarfen bodi da tutiya don hana tsatsa, abin da Porsche ta yi a tsakiyar shekarun 1970, Audi kuma a tsakiyar shekarun 1980, sauran suka biyo baya. Abin da ke sa mu ga tsofaffin motoci kamar ba sa mutuwa shi ne waɗanda suka tsira kaɗai muke gani. Dubban 'yan'uwansu da tsatsa ta cinye ba sa nan balle su ba da shaida.

Akwai motocin da suka yi abin al'ajabi. Irv Gordon, wani malamin makaranta a New York, ya sayi Volvo P1800 a 1966, ya kai mil miliyan uku da ita a 2013, kuma kafin rasuwarsa a 2018 ta haura kilomita miliyan biyar. Wani direban tasi a Girka, Gregorios Sachinidis, ya yi kilomita miliyan 4.6 da Mercedes 240D kafin a ajiye ta a gidan tarihin kamfanin. Sai dai a lura da abu biyu. Duka motocin an sha sauke injinsu ana yi masa garambawul, an canza sassa ba adadi. Abin da ya rayu shi ne gangar jikin, da kuma niyyar mai motar. Na biyu, irin tafiyar da suka yi doguwa ce, inji da ɗuminsa. Inji ya fi cinyewa a mintunan farko bayan an tayar da shi da sanyi, kafin mai ya zagaya ya yi ɗumi. Motar da ke gajerun zirga-zirga kullum, ana kashewa kafin ta ɗumama, ruwa da fetur na taruwa a cikin man injinta, salansarta na tsatsa daga ciki, batirinta ba ya cika. Saboda haka ƙarancin kilomita a kan allo ba shi kaɗai ke nuna lafiyar mota ba, kuma masu sayen ta hannu suna yawan ruɗuwa a nan.

Ajiya ma tana kashe mota. Roba na bushewa ta tsattsage, ko ana hawa ko ba a hawa. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Michelin da wasu masu yin taya suna ba da shawarar a sauke duk tayar da ta kai shekara 10 ko da zanenta bai goge ba, kuma a ƙasashe da yawa doka ba ta yarda zurfin zanen ya gaza milimita 1.6 ba. Man birki na tsotsar danshi daga iska, shi ya sa kamfanoni da dama ke cewa a canza shi duk shekara biyu, domin idan ruwa ya yi yawa a ciki yakan tafasa a doguwar gangara birki ya tafi. Batir yakan yi shekara uku zuwa biyar, zafi kuma na rage masa kwana. Bel ɗin taimin, a injinan da ke amfani da shi, yana da wa'adi na kilomita da na shekaru, kuma a injina da yawa idan ya tsinke fistin ne zai daki bawul, gyaran da ya fi kuɗin bel ɗin nesa ba kusa ba. Misali mafi muni na abin da shekaru ke yi shi ne jakar iskar kamfanin Takata. Sinadarin da ke hura ta yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da danshi, har ya fasa gwangwaninsa ya watsa ƙarfe a fuskar direba. An rasa rayuka, a Amurka kaɗai an janye jakunkuna kusan miliyan 67, kamfanin kuma ya durƙushe a 2017.

Wa ke yanke wa mota hukuncin mutuwa?

Yawanci lissafi ne. Mai mota ya ji kuɗin gyaran giyabos, ya kwatanta da abin da za a saye ta a kasuwa, ya ga gyaran ya fi, sai ya ce ta mutu. Kamfanonin inshora ma da irin wannan awo suke aiki. Ni ina ganin awon bai cika ba. Abin da ya kamata mai mota ya tambayi kansa shi ne: idan na gyara, shekara nawa zan ƙara mora, kuma nawa zan kashe in samu wata da na san lafiyarta kamar yadda na san ta wannan? Sau da yawa gyaran da ya fi darajar motar a kasuwa ya fi sauƙi a kan sayen wata da ba a san abin da ke cikinta ba. Amma idan tsatsa ta ci shasi, to a nan lissafin ya juya, zuba kuɗi a inji asara ce.

Hujja mafi ƙarfi cewa mutuwar mota hukunci ne na mutane ita ce yadda mota ɗaya ke mutuwa a wata ƙasa ta farfaɗo a wata. A Japan ana yi wa sabuwar mota binciken dole bayan shekara uku, daga nan kuma duk shekara biyu, kuma tsadar wannan na cikin abin da ke sa mutane rabuwa da motoci masu sauran ƙarfi. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kusan kashi 80 cikin ɗari zuwa ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki, Afirka kaɗai kuma ta karɓi kashi 40 cikin ɗari na jimillar. Inda ladan makanike ke da tsada, mota kan mutu da wuri. Inda yake da sauƙi, takan ƙara shekaru. A Kyuba har yau motocin Amurka na shekarun 1950 suna yawo, da yawansu da injin wata mota daban a ciki, saboda an daɗe ba a samun sababbi. Gwamnati ma kan kashe mota da gangan: a 2009 Amurka ta biya mutane tallafi su miƙa tsofaffin motocinsu su sayi sababbi, aka karɓi kusan 700,000, aka zuba wa injinansu wani ruwan sinadari a madadin mai, aka tayar da su har suka daskare, don kada kowa ya sake amfani da su.

Shin kamfanoni na rage wa kaya kwana da gangan? An taɓa yi. A 1924 manyan masu yin ƙwan lantarki suka haɗa kai a Janiba suka ƙayyade cewa ƙwai kada ya wuce sa'a 1,000. A harkar mota dabarar ta ɗauki wata siffa. Alfred Sloan na General Motors, tun shekarun 1920, ya ɓullo da sauya fasalin mota kowace shekara domin mai ta bara ya ji tasa ta tsufa, alhali tana tafiya lafiya. Dabarar ta ci, har Ford ta daina ƙera Model T a 1927 bayan ta sayar da miliyan 15. Wannan tsufa ne a ido, ba a ƙarfe ba.

Abin da nake tsoro a yau ya fi wannan. Motar zamani cike take da ƙananan kwamfutoci, kuma wasu sassan ba sa aiki idan an canza su sai an yi musu rajista da manhajar kamfani. Fitilar gaba da a da ake canza wa ƙwai, yanzu a wasu motoci dunƙule ɗaya ce a rufe, idan ta mutu sai a sayi duka. Allon da ke gaban direba ya haɗiye na'urar sanyaya mota da rediyo da sauran maɓallai, ranar da ya mutu kuma aka daina yin irinsa, motar ta nakasa. A 2022, da kamfanonin sadarwa a Amurka suka rufe layin 3G, motoci da yawa masu lafiya suka rasa hidimomi irin su kiran agaji kai tsaye idan an yi haɗari. Kekunan lantarki ma sun shiga wannan hali. Da kamfanin VanMoof na Holan ya karye a 2023, masu kekunansa suka shiga zullumi, domin sassan na kamfanin ne shi kaɗai, wasu ayyukan keken kuma sun dogara da manhajar waya. Keke, wanda shi ne abin hawa mafi sauƙin gyara da ɗan Adam ya taɓa yi, an mayar da shi abin da rayuwarsa ke rataye da rayuwar kamfani.

Shi ya sa fafutukar neman 'yancin gyara take da muhimmanci. Masu zaɓe a jihar Massachusetts ta Amurka sun amince a 2012 cewa dole kamfanonin mota su ba garejin da ba nasu ba bayanai da kayan gwaji irin waɗanda dillalansu ke samu, suka ƙara faɗaɗa dokar a 2020 ta haɗa da bayanan da mota ke aikawa ta iska. Dokar batir ta Tarayyar Turai ta 2023 ta tanadi cewa daga 2027 batirin keken lantarki ya zama wanda makanike mai zaman kansa zai iya cirewa ya sa wani, a kuma ci gaba da sayar da shi akalla shekara biyar bayan an daina fitar da samfurin. Mataki ne mai kyau, amma shekara biyar ta yi kaɗan ga abin da firam ɗinsa zai yi 30.

Motar lantarki tana da sassa masu motsi kaɗan, babu juyen mai, babu fulogi, babu bel ɗin taimin. Rayuwarta na hannun batir. Yawancin kamfanoni suna ba da garantin shekara takwas ko kilomita 160,000, da alkawarin cewa ƙarfin batirin ba zai gaza kusan kashi 70 cikin ɗari ba. Batir ba ya cika mutuwa farat ɗaya, raguwa yake yi a hankali, zafi da yawan cajin gaggawa kuma na hanzarta raguwar. Tambayar da za ta yanke tsawon ranta ita ce ko za a iya buɗe batirin a canza ɓangaren da ya lalace, ko kuwa an manne shi dunƙule ɗaya sai dai a sayi sabo.

Akwai dalili ɗaya na gaskiya da ke hana in ce mota ta rayu har abada, kuma ba zan raina shi ba. Tsohuwar mota ba ta kare rai kamar sabuwa. Bel ɗin kujera mai maɗauri uku, wanda Nils Bohlin na Volvo ya ƙirƙira, a 1959 ya fara shiga mota. Na'urar da ke hana mota zamewa ta juya a kwana ba ta zama dole ba sai 2012 a Amurka da 2014 a Turai. Ginin bodi yadda zai lotse ya shanye duka ya bar mutanen ciki ya ci gaba matuƙa. Hayaƙi ma haka, motar da aka yi kafin Turai ta fara ƙa'idojinta na hayaƙi masu suna Euro a 1992 tana fitar da gubar da ta ninka ta motar yau sau da yawa. A ɗaya hannun, ƙera sabuwar mota na cin ƙarfe da makamashi mai yawa, don haka yanka mai lafiya da wuri shi ma ɓarna ce. Inda waɗannan biyu suka haɗu, a ganina, wajen shekara 20 ne. Mota ta kai nan cikin mutunci, da kayan gyaranta a kasuwa da manhajarta a buɗe, daga nan sai a duba ko ta cancanci ci gaba. Keke ba shi da wannan matsala. Keken shekara 40 mai birki mai kyau ba ya gurɓata iskar kowa, ba ya kuma fin sabo haɗari yadda za a ce a kashe shi.

To ta yaya ake gane mutuwar gaske? A keke, a wanke firam a duba wuraren walda da kyau: ƙarƙashin inda kai ya haɗu da babban bututu, kewayen wurin feda, da inda ƙafar baya ke shiga. Siririn layi a fenti da ke ƙara tsawo, ko ƙara da ke fita duk lokacin da aka taka feda bayan an ɗaure komai, alama ce ta tsaga. Cokalin gaba da ya lanƙwashe bayan karo a canza shi, kada a miƙe shi a ci gaba da hawa, musamman na alminiyum ko na kabon. A mota, a ɗaga ta sama a shiga ƙarƙashi da fitila. Tsatsar da ke saman ƙarfe ana kankare ta a shafa magani. Wadda ake gudu ita ce ta wuraren da shokazoba da ƙafafu ke ɗaure, da dogayen ƙarafan shasi, da inda bel ɗin kujera ke kama bodi, da bututun man birki. Idan aka danna sukudireba a waɗannan wurare ta nutse ko ƙarfen ya ɓarɓashe, ko kuma aka ga shasi ya karkace daga tsohon haɗari har taya na cinyewa ta gefe ɗaya duk saitin da aka yi, wannan motar a sauke ta daga hanya, a cire sassanta masu lafiya a sa wa wata.